Surukin Dila

Samarin da ke taruwa a zaurena da la'asar, kowa da bindiga a kafaɗa da babur a ƙofar gida, tambayarsu ba ta wuce ɗaya: "Baba, ina nama yake?" Har yau ban samu wanda ya tambaye ni wane nama ake bari ba. Su a wurinsu farauta ita ce ka ga ciyawa ta motsa ka danna kunamar bindiga. Kwanan baya ɗayansu ya shigo yana jan mushen dila ta wutsiya, yana washe baki, jira yake in sa masa albarka. Na juya shi da ƙafa, ashe mace ce, ga nonuwa a cike. Na tambaye shi me ta yi masa, ya ce ba komai, dila ne dai. Raina ya ɓaci, amma ban yi faɗa ba, don ni ma ba da sanin nan aka haife ni ba. Na ce su zauna, yau babu zancen nama, za su ji inda na samo sunan nan da suke kira na da shi a bayan idona, wato Surukin Dila.

Wurin Baba Nomau na koyi sana'a, Sarkin Bakan ƙauyenmu da ke gefen 'Yandoto. Na je masa ina saurayi, gemu ya fara tsiro, ina ji da kaina don na taɓa kayar da zomo da jifan sanda. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini goran ruwa da 'yar jakar toka. Su na yi ta ɗauka rani da damina, bindiga kuwa ko goge ta bai yarda in yi ba. Tokar ta gwada iska ce. Ka ɗebo kaɗan ka saki, inda ta nufa can warinka ya nufa, dabbar da ke wajen kuwa ta riga ta san da zuwanka. Aikina na biyu ya fi wannan ban haushi. Duk inda muka tarar da kashin dabba, sai in durƙusa in fasa shi da tsinke in faɗa masa abin da ta ci. Abokaina suna dandali suna zance da 'yan mata, ni ina daji ina tonon kashin dila.

Amma a cikin kashin nan na yi karatuna. Gashin ɓera ne, gajere, toka-toka. Ƙananan ƙasusuwan gafiya ne da haƙoran kurege. Fukafukan fara ne, in kaka ta yi kuma ƙwallon magarya da na kanya. Gashin ɗan rago, fari mai laushi, sai an daɗe kafin a gan shi sau ɗaya. Ranar da na fara ganin sa na ɗago kai da murna, na ce mun kama ɓarawo, diloli dai ɓarayi ne.

Baba Nomau ya ɗan buga mini sanda a ƙeya. Ya ce, "Guda kag gani, ka ce duka. Wagga dabba ɓera taka ci. Wanda duk kag ga ya koma ga ɗiyan tumaki, wani abu ya same shi, ko tsuhwa, ko rauni, ko ya ɗanɗana ya ji daɗi. Shi ɗai aka nema. Sauran ma'aikatan manoma na, bar su su yi aikinsu."

Bindigar da ya fara ba ni, bayan ya gaji da wahalar da ni, ƙirar wani maƙeri ce a Tsafe, mai ɗuri ta baki. Ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka zuba guntayen dalma, ka sake tura tsumma ka danne. Harbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri dabbar ta kai Bunguɗu. Da damina albarushi yakan sha sanyi ya ƙi tashi, shi ya sa muke ajiye shi a cikin ƙaho, mu cusa a hammata. Akwai burtu, kan tsuntsun nan da muke ɗaurawa a goshi mu yi rarrafe cikin ciyawa har mu kusanci zabi ko barewa, gwiwoyina har yau suna tuna mini da shi. Tarkon ƙarfe kuma ba a kafa shi da warin hannu, sai an dafa shi da ganyen sabara an turara shi da hayaƙin kashin shanu. Duk wannan na nama ne. Dila ba a cin sa, saboda haka ba a harbin sa sai an kawo kuka, kuma sai wanda ya yi laifin.

Akwai wata al'ada tamu ta maharba da ba a faɗa wa mutanen gari. In ka tarar da ramin dila mai 'ya'ya, galibi a tsohon suri ko ramin da dabgi ya haƙa ya bari, sai ka kama gambar da ke kusa ka ƙulle kanta. Duk maharbin da ya zo ya ga ƙullin nan ya san an riga shi, zai ja karensa ya kewaye. Ba a harbi a wurin, ba a kafa tarko, ba a kuma nuna wa kowa, ko da uwarka ce ta tambaya. Baba Nomau ya koya mini ƙullin da hannunsa, lanƙwasa biyu a soke ta ƙasa, yadda iska ba ta warware shi. Ya ce ranar da na nuna wa wani rami mai ƙulli, in mayar masa da bindigarsa ko yana kabari.

Masu kawo mana kuka iri biyu ne, manoma da Fulani. Manomi zai zo ya ce birai sun hana shi sakat a gonar masara, ko gafiya ta shiga gyaɗa. Bafillace kuwa kura ko dila. Ba mu yin ciniki. In aiki ya yi kyau, manomi ya aiko da damin gero, Bafillace ya aiko da ƙwaryar nono da man shanu, wani har da zakara. A cikinsu duka babu wanda muka fi sabawa kamar Arɗo Juli, mai ruga a dajin da ke tsakaninmu da Ruwan Bore. Dogo ne siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Yana da shanu da tumaki, yana kuma noma gero a tsohon makwancin shanunsa, geron da ko mu Hausawa muna tsayawa kallo. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa mai ƙafar zalɓe.

A shekarun da aka yanke mana jiha, Gusau ta cika da baƙi da sababbin motoci, Baba Nomau ya rasu. Sarautar Sarkin Baka ta zauna babu kowa, kowa kuma ya san ni ake jira a naɗa bayan an sha ruwan damina. A bazarar nan ce Arɗo Juli ya zo ƙofar gidana ko sallamar kirki babu.

Ya ce, "Kaɗo, tashi. Dila ya gama da mu. Tunkiya ba ta haihuwa mu ga ɗan da ido. Na Inna Dije ma ya ɗauke, wanda taka tattali don layya."

Inna Dije matarsa ce, tumakin kuma yawanci nata ne. Na bi shi rugar. Gaskiyarsa ce, ɓarna an yi ta, kuma duk wanda ya ga tunkiya tana zagaye tana kukan ɗanta nono na zuba, ba zai ce a yi wa dila uzuri ba. Na duba sawu a rairayin bakin rafi. Sawun dila siriri ne, yana tafiya a layi ɗaya, ba kamar na kare da ke warwatse ba. Sawaye da yawa sun zo shan ruwa sun koma. Ɗaya ne kawai ya ratse ya nufi garken, kuma ƙafarsa ta gaba ta hagu yatsu biyu ne suka fito, alamar ya taɓa faɗawa tarko ya tsinke. Na ce wa Arɗo ɓarawonsa guda ne, gurgu ne, tsoho ne, ya ba ni lokaci.

Gurgun nan ya wahalar da ni fiye da duk dabbar da na taɓa bi. Tarko ya san shi, ko na dafa na turara sai in tarar ya zagaye shi ya yi fitsari a gefe. Mushe ba ya ci, duk naman da hannu ya taɓa ba ya kusantar sa. In na yi kwanto a gabas ya ɓullo ta yamma, domin kafin ya matso sai ya zagaye garken duka yana shaƙar iska. Abin da yake jira tunkiyar da ta ware da sassafe za ta haihu. Ina bin sa yana bi na, 'yan raguna kuma suna ta tafiya. Arɗo ya daina yi mini wasa.

Ran kasuwar Tsafe wani mai sayar da maganin feshin auduga, da ke kawo kaya daga Sabon Gari, ya ji su Arɗo suna kukan dila a rumfar mai shayi. Ya ce musu wane irin maharbi, ai ga aiki a cikin kwalba. Suka sami mushen jaki suka farke cikinsa, suka tuttula maganin, suka ja shi zuwa fadama. Ba wanda ya shawarce ni. Ni dai da hantsi na ga ungulaye suna sauka ba sa tashi. Da na isa, diloli ne kwance nan da can har cikin ciyawa, wasu sun ja jiki sun mutu a bakin ruwa. Ga yanyawa, ga tunku, ga ungulaye sun baje fukafukai. Karnukan rugar sun ci, na gari sun ci. Karyata Barsu, wadda ta san ƙullin gamba kamar mutum, ta riga ni zuwa wurin, a hannuna ta ƙarasa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, na haƙa rami na rufe ta, na tara ƙaya na ƙone sauran jakin.

Amma labari ya riga ya tafi cewa an samu maganin dila. Daga rugagen Ruwan Bore har na ƙasar Bunguɗu kowa ya nemi kwalbarsa. Kafin ruwan farko ya sauka, dajin da muke jin kukan diloli kowace magariba ya yi tsit. Mutane suna ta murna. Ni kuwa na koma bakin rafi, sai ga sawu mai yatsu biyu, sabo fil. Maganin ya kashe masu cin ɓera kusan duka, ya bar ɓarawon, don shi ba ya cin mushe. Ɗan ragon Inna Dije na gaba ma shi ya ɗauka.

Rami ɗaya ya rage a duk yankin, a iya sanina. Yana gindin wani ƙaramin dutse da ke kallon dutsen Kwatarkwashi daga nesa, wurin da ƙaya ta yi yawa, shanu ba su cika shiga ba. Mace ce da namijinta da 'ya'ya ƙanana, nisansu da fadamar ne ya cece su. Ni na ƙulle gambar wurin tun farkon bazara. Wani mai itace ya ce ya gan ni ina fitowa ta wajen babu nama a hannuna, magana ta kai ƙofar mai gari, aka aiko a kira ni.

Na tarar da dattawa zaune, Arɗo Juli yana tsaye ya dogara da sandarsa. Mai gari mutumin kirki ne, abokin mahaifina. Ya ce, "Mamman, an ce ka san inda sauran suke. Ɗiyan tumaki ba su daina ɓacewa ba. Ka kai mutane a tone ramin a huta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, waɗanda ke ramin ba su taɓa rago ba. Ɓarawon guda na, na san sawunai. Shi zan kawo maku."

"Tun yaushe kaka hwaɗin haka?" in ji Arɗo. "Aradu dila dila na. Wanda bai ci yau ba, gobe shi ci."

Liman ya sa baki ya ce abin da ke cutar da mutane an halatta kashe shi. Na ce haka ne, Malam, mai cutarwar nake nema. Mai gari ya ce a hankali, "Ka san abin da muka shirin ba ka bayan damina. Ba a naɗa Sarkin Bakan da gari ka kuka shina ɓoye dila. Ka yi tunani."

Ba wani tunani da zan yi, tun ina saurayi aka yi mini shi. Na ce ba zan nuna ba. Wani daga baya ya ce, "Ku ƙyale shi, ƙila ɗiyarsu yaka nema da aure." Aka fashe da dariya, kafin in kai gida yara suna bi na suna Surukin Dila. Aka yanke cewa da an gama noman farko, samari za su fita da fartanya da diga su tone duk wani suri da rami daga nan har gindin duwatsu. Da karnukansu na raye da rana ɗaya ta ishe su gano wurin. Duk da haka na san in suka bazu za su kai, sai fa in 'yan raguna sun daina ɓacewa kafin nan.

Inna Dije ce ta buɗe mini hanya, ba tare da ta sani ba. Na je rugar duba sawu, Arɗo ya juya mini baya, ita kuwa ta miƙo mini nono. Tana cewa abin da ke ba ta mamaki, ita takan zauna a tsakiyar tumakin da safe, gurgun ya wuce ta kusa kamar bai gan ta ba, amma in baƙo ya kwana a rugar ko ƙeyarsa ba a gani. Na dubi tsohon bargon da ta yafa, wanda ya sha hayaƙi da man shanu da fitsarin 'yan raguna. Na ce, "Inna, ara mani wanga bargo." Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce ashe Kaɗo ya fara hauka. Amma ta ba ni, ta kuma nuna mini tunkiyar da ta kusa haihuwa.

Na bar sabulu, na bar goro da taba. Na shafe jikina da bindigar da kashin tumaki, na lulluɓa da bargon, ina yin sallar asuba sai in kwanta a cikin garken in yi lamo. Safiya ta wuce, wata ta wuce, ba tunkiya ba dila, sai kaska da ta same ni banza. Can a gari kuma noman farko ya kusa ƙarewa. Ranar da abin ya faru an yi yayyafi, gari ya waye da sanyi, ƙahon albarushi yana hammatata ina ta addu'a kada ɗurin ya sha raɓa. Tunkiyar ta ware ta nufi gindin wata sabara, na bi ta da rarrafe a cikin 'yan'uwanta. Na saki toka, iska na kaɗawa daga wajena zuwa daji, wanda a ka'ida ɓaci ne, amma yau warin tumaki take kai masa. Gabas ta yi ja, ɗan ya faɗo, uwar ta fara lasa. Sai ga shi ya fito daga ciyawa yana ɗingishi, ya tsaya, ya ɗaga hanci ya shaƙa. Ya dube ni sosai, tulin bargo a cikin tumaki, ya kawar da kai. Na danna kunama. Bindigar ta yi shiru kamar za ta ci amanata, sannan ta tashi.

Da Arɗo ya iso da gudu, na buɗe masa bakin dilan. Haƙoran sun cinye, fiƙa ɗaya ta karye. Na nuna masa ƙafar mai yatsu biyu. Dabba irin wannan ba ta iya tsallen kama ɓera, abin da ya rage mata ɗan da bai tashi tsaye ba. Arɗo ya duba ya duba, ya ce, "To, wanga dai ya tahi." 'Yan raguna suka daina ɓacewa, ruwa ya kankama, ciyawa ta taso wa kowa a gona, zancen tonon rami ya bi iska. Sarauta kuwa an ba Sale mai tarko, don mai gari ya riga ya furta a gaban jama'a. Na je na yi masa mubaya'a, na ci tuwon naɗin har da ƙari.

Da kaka ta yi muka ga shekarar da har yau tsofaffi ke kira shekarar ɓera. Gyaɗa ta yi ganye shar, ka tuge ta sai ɓawo. Gero yana tsaye a gona ɓeraye suna hawa kara suna yanke zangarniya da rana tsaka, ba kunya ba tsoro. Kurege da gafiya suka mai da kunyoyi kamar rariya. Aka kai abin da ya saura rumbu, suka bi shi can. A rugar Arɗo sun cinye geron nan da muke tsayawa kallo, sun huda ƙoren Inna Dije, sun gaigaye igiyar da ake ɗaure maruƙa. Bayan ɓera sai macizai suka biyo abincinsu har cikin ɗakuna, kububuwa ta sari maraƙin Arɗo mafi kyau. Ungulun da za ta ɗauke mushe babu, wari ya dami kasuwa. Aka sake komawa ga mai kwalba, ya ba da wani maganin, kaji da kyanwoyi suka ƙare, ɓera yana nan. Ni ma ban tsira ba, gonata ɗaya ce da ta kowa, damin geron da ake aiko mini kuwa babu mai shi balle ya bayar. A shekarar nan gafiya na yi ta kamawa ina ƙyafewa ina kaiwa Gusau, da ita muka ga ƙarshen rani.

Ba wanda ya zo ya ce mini ka yi gaskiya, mutanenmu ba su iya wannan ba, ni ma da ni ne ba zan iya ba. Amma na lura gonakin da ke kusa da ƙaramin dutsen nan sun fi sauran samun abin kaiwa rumbu, masu su kuma suka ce albarkar ƙasa ce. Na ce haka ne. 'Ya'yan ramin suka girma suka watse, wasu kuma suka gangaro daga dajin da maganin bai kai ba. Wata magariba a daminar da ta biyo, muna alwala a ƙofar masallaci, sai muka ji kuka daga fadama, siriri, wani ya amsa daga nesa. Mai gari ya tsaya da buta a hannu. Ya ce, "Mamman, surukanka sun dawo." Aka yi dariya, amma ba irin ta ranar nan ba, kuma ba wanda ya tashi neman kwalba.

Kada ku ɗauka daga nan dila ya zama waliyyi. Da suka yi yawa sai da aka samu wani ya koma ga tumaki, ai dama haka abin yake. Bazarar da ta zagayo Arɗo Juli ya zo ƙofar gidana, wannan karon da sallama har da ƙwaryar nono. Ya ce Sarkin Baka Sale ya kafa tarko ya kama akuyar mutane, shi dai Kaɗonsa yake so. Na ɗauko bindiga da jakar toka. Muna tafe yana gaba ina baya, sai ya tsaya ya juyo, ya ɗaga yatsa.

Ya ce, "Guda na hwa. Babba, mai baƙin baya. Shi ɗai za ka harbi."

Na ce, "Arɗo, ba kai kac ce dila dila na ba?"

Ya ce, "Kai dai yi aikinka, Kaɗo, ka cika surutu."

Na yi aikina, bai ma wahalar da ni ba, don duk girman jikinsa yaro ne, rashin kunya ce kawai ta kai shi. A hanyar komawa na ce bari in ratsa ta gindin dutsen nan in ga ko an sake haihuwa, in ƙulle gamba kafin wani ya rigaye ni da kare. Na kutsa cikin ƙaya. Ga sabuwar ƙasa a bakin ramin, ga ƙananan sawaye, ga ƙasusuwan gafiya a warwatse. Gefe guda kuma ga sawun shanu sun zo daf da wurin, an kore su sun kewaye. Na miƙa hannu zan kama gambar, sai na tarar an riga an ƙulle ta. Ba lanƙwasa biyu a soke ta ƙasa ba ne, babu maharbin da zai yi wannan. Irin zargen nan ne da Fulani ke yi wa maraƙi a wuya in za a tatsi uwarsa. Ashe mai shanun nan ya taɓa ganin ƙullina a wurin, ya gane manufarsa.

Na tsaya ina kallon sa ina dariya ni kaɗai a daji. Ƙullin bai yi kyau ba, Baba Nomau da ya gani sai ya buga wa mai shi sanda a ƙeya. Ban kwance ba, ban kuma gyara ba, haka ya riƙe har kaka.